Tarin da Ya Ƙi Jin Maganin Tibi: Yadda Dajin Huhu Ke Kaiwa ga Tantanin Ƙwaƙwalwa

A Limawa, kamar yadda yake a Rumde da Luggere da Jambutu da sauran unguwannin Jimeta, akwai cututtuka biyu da kowa ya tashi da sanin sunansu. Idan tari ya daɗe wa mutum har wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, sai a ce tibi ce. Idan kuma ciwon kai ya kayar da mutum a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin bakin Binuwai ke haura digiri 40 jama'a suna kwana a tsakar gida, wuyansa kuma ya ƙi juyawa, sai a ce sanƙarau ne. Mafi yawan lokuta masu faɗin hakan suna da gaskiya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, wato tarin fuka, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa da shi kowace shekara a ƙasar nan. Arewa kuwa tana cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal ya dire Habasha, kuma dattawanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama sama da mutum 100,000, ta yi ajalin fiye da 11,000.

Sai dai akwai cuta ta uku. Ba ta kusa da waɗancan biyun a yawa, amma takan fara da kamannin ta farko, ta ƙare da kamannin ta biyu. Ita ce ciwon dajin huhu, idan ya bar ƙirji ya isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Likitoci kan kira wannan mataki leftomeninjiyal. Wanda abin ya sama, kwanakin da suka rage masa sau da yawa kaɗan ne, kuma abin baƙin cikin shi ne a wurinmu akan ƙarar da waɗannan kwanaki, tare da ɗan abin hannun iyali, wajen maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Yadda abin yake a cikin kai

Ƙwaƙwalwa ba a kan ƙashi take zaune kai tsaye ba. Tantani uku ne suka naɗe ta, suka kuma sauka tare da laka ta cikin ƙashin baya. Na waje mai kauri ne, yana manne da ƙoƙon kai. Na cikin guda biyu sirara ne ƙwarai, kuma a tsakaninsu akwai wani ruwa garai-garai da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka dare da rana. A jikin baligi ruwan bai wuce mililita 150 ba a lokaci guda, wato ƙasa da rabin ledar ruwan sha, amma jiki kan sarrafa kusan mililita 500 a kowace rana, yana zubar da tsoho yana kawo sabo.

Idan ƙwayoyin daji suka ɓalle daga huhu suka bi jini suka faɗa cikin wannan ruwa, sun samu abin hawa. Duk inda ruwan ya je, can za su je. Ba sa taruwa su zama ƙullutu guda da likitan tiyata zai yanke ya jefar. Sukan kwanta ne sama-sama a kan tantanin da jijiyoyin da ke ratsa shi, kamar yadda ƙurar hunturu ke kwanciya a kan kwanukan jere: ba ka ganin ta taru wuri ɗaya, amma duk inda ka shafa sai ka same ta. Daga nan sai su toshe hanyoyin da ruwan ke bi ya fita, ruwa ya taru, kai ya ɗauki nauyi. Sukan kuma shaƙe jijiyoyin gani da na ji da na fuska da na ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Ba sabuwar cuta ba ce. Tun a 1870 wani likita Bajamushe, Karl Eberth, ya bayyana ta a gawar wani mai dajin huhu. A yau dajin huhu da na mama da wani nau'in dajin fata su ne suka fi kaiwa ga wannan mataki. A cikin masu nau'in dajin huhun da ya fi yawa waɗanda cutarsu ta yi nisa, kimanin uku zuwa biyar cikin ɗari ne abin ke shafa. A cikin waɗanda dajinsu ke ɗauke da wani sauyin ƙwayar halitta da ake kira EGFR, adadin yakan kusanci ɗaya cikin goma.

Yadda yake shigowa gida

Galibi labarin iri ɗaya ne, ko da gidajen sun bambanta. Magidanci ne, ko uwar gida, da ya haura hamsin. Tari ya fara, aka ce sanyi ne. Aka je kemis ɗin bakin layi, yaron shago ya haɗa maganin tari na ruwa da kafso na kwana biyar ya ƙulle a leda. Tari ya lafa ya dawo. Bayan wata biyu an fara ganin ɗigon jini a kaki, jiki ya fara zubewa, abinci ya fita daga rai. Aka je asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga inuwa a huhu. A ƙasar da tibi ta yi katutu haka, babu ma'aikacin lafiyar da za a zarga don ya fara tunanin tibi. Maganinta kyauta ne, na wata shida, kuma ya ceci rayuka marasa adadi.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan gwajin kaki bai nuna tibi ba, aka ɗora mutum a kan magani bisa zato, sannan aka shafe wata biyu, uku, huɗu babu sauƙi, ba wanda ya tsaya ya sake tambaya. Na'urar GeneXpert da ake amfani da ita yanzu tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, kuma tana da kaifin gano cutar. Mai tibi na gaskiya da ke shan maganinsa daidai yakan fara jin daɗin jikinsa cikin 'yan makonni: zazzaɓin dare ya ragu, cin abinci ya dawo. Idan wata biyu ya cika mutum sai ƙara lalacewa yake yi, to ko dai tibi ce mai bijire wa magani, ko kuwa tun farko ba tibi ba ce. Duka biyun suna buƙatar a koma wurin likita a ce: Likita, Allah ya taimake ka, maganin nan bai karɓe shi ba, ko akwai wani binciken? Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. Kuma ba a ce mutum ya ajiye maganin tibi don ra'ayin kansa ba, domin akwai masu ɗauke da cututtukan biyu a huhu ɗaya.

Alƙaluman cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 dajin huhu ya kama mutum kusan miliyan 2.5 a duniya, ya kashe kimanin miliyan 1.8, fiye da kowane irin daji. Amma abin da aka ƙiyasta wa Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, bai kai dubu biyu ba a shekara. Ni dai ban yarda cewa huhunmu ya fi na sauran duniya ƙwari har haka ba. Gaskiya ne ba mu kai wasu ƙasashe shan taba ba, kuma yawancin jama'armu matasa ne. Duk da haka, a inda ba a cika ciro tsokar huhu a gwada ba, kuma ake binne mamaci kafin faɗuwar rana, dole a samu masu dajin huhu da yawa da aka rubuta su a littafin masu tibi har suka koma ga Mahaliccinsu.

To, bayan watanni ana wannan fama, sai wani sabon abu ya ɓullo. Baba ya fara kukan ciwon kai, wanda ya fi tsanani da asuba, har da amai. Ya ce yana ganin mutum ɗaya ya zama biyu. Bayan mako guda kunne ɗaya ya toshe, ko baki ya karkace, ko haɓa ta yi dindiris kamar an yi mata allurar kashe zafi. Ruwa ya fara sarƙe shi. Wata rana ya tashi zai yi alwala ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Fitsari ya fara kufce masa, ko ya ƙi fita sam. Wani lokaci ya kira ɗansa da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni, wani lokaci kuma ya faɗi yana jijjiga.

A nan ne gida ke rabuwa. Wasu su ce sanƙarau ne. Wasu su ce shanyewar ɓarin jiki ce ta hawan jini. Wata gwaggo ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, a nemo mai ruƙiyya. Ba abin mamaki ba ne a faɗi haka, domin alamun ba sa zama wuri guda: yau ido, gobe ƙafa, jibi hankali. Amma wannan warwatsuwar ita ce babbar alama a wurin likita. Shanyewar ɓarin jiki takan zo farat ɗaya ta kama gefe guda. Sanƙarau na annoba yakan kayar da mutum cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu da zazzaɓi mai zafi. Dajin tantani kuwa yakan tafi a hankali cikin makonni, sau da yawa ba zazzaɓi, kuma sanƙarewar wuya ma ba kowa ke samunta ba. Wanda ya fi kama da shi shi ne tibin da ta hau tantanin ƙwaƙwalwa, wadda ita ma a hankali take tafiya, ita ma tana taɓa jijiyoyin ido. Hatta a ɗakin gwaji ruwan bayan masu cututtukan biyu yakan yi kama: furotin ya hau, sukari ya sauka. Abin da ke raba gardama shi ne ganin ƙwayar dajin kanta a madubin likita.

Tsoron ɗibar ruwan baya

Ga wurin da ake yawan tsayawa. Da zarar likita ya ce za a ɗebi ruwan baya, sai 'yan uwa su fita baranda su yi shawara, su dawo su ce a'a. Kowa yana da labarin wani da aka ɗebi ruwan bayansa ya shanye ko ya rasu. Tarihi ma bai taimaka ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 masu sanƙarau a Kano a 1996, inda 11 suka rasu, ya bar tabo a zukatan 'yan Arewa game da duk abin da ya haɗa sanƙarau da allura da baƙon bincike.

Bari a faɗi yadda ake yin abin, don wanda bai taɓa gani ba. Majinyaci yakan kwanta a gefe, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ma'aikaciyar jinya tana riƙe da shi. Likita ya lalubi ƙashin ƙugu da yatsa, ya goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya yi ƙaramar allurar kashe zafi. Sannan ya zura wata siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya. Lakar baligi tana ƙarewa ne a sama da wannan wuri, don haka allurar ba ta kai gare ta. Ruwan yakan ɗigo da kansa, ɗis, ɗis, cikin 'yar kwalba. Abin da ake buƙata kamar mililita 10 ne, cokalin shayi biyu, kuma jiki kan mayar da shi kafin awa ɗaya ta cika. Abin da ya fi biyo baya shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki. Kafin a yi kuma likita kan duba ko akwai ƙullutu ko matsin da zai sa ɗibar ta zama haɗari, shi ya sa aka fi son a fara da hoton kai. Yawancin waɗanda suka rasu bayan ɗibar ruwa, cutar da ta sa aka nemi ɗibar ce ta riga ta ci ƙarfinsu.

Akwai abin da ya kamata iyali su sani tun da wuri, don kada su ga kamar ana wasa da su. A ɗiba ta farko, kusan rabin masu cutar ne kawai ake ganin ƙwayar daji a ruwansu. Idan aka maimaita, adadin yakan haura zuwa kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Kuma ƙwayoyin kan lalace idan kwalbar ta daɗe a ajiye, don haka ruwan da aka ɗiba ranar Juma'a da yamma aka bari sai Litinin ya zama asara. Saboda haka idan likita ya ce a sake, ba kuskure ya yi a karon farko ba. Ɗaya gwajin shi ne hoton MRI na kai da na ƙashin baya gaba ɗaya, tare da allurar da ke haska tantanin. Hoton siti (CT) na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai, sai a ce wa mutum kansa lafiya lau alhali ba haka ba ne.

Mutum biyu, cuta ɗaya

Idan ba a yi wani magani ba, abin da aka saba gani ya rage wa majinyaci a raye shi ne makonni huɗu zuwa shida. Da magungunan da aka daɗe ana amfani da su, watanni biyu zuwa huɗu. Waɗannan alƙaluma ne masu nauyi, amma matsakaici ne aka ɗauka, kuma ajali na Allah ne. Wasu mutum biyu sanannu a Amurka sun nuna iyakokin abin ta fuska biyu.

Paul Kalanithi likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Stanford. Ba ya shan taba. A watan Mayun 2013, yana da shekara 36, aka gano dajin huhu ya riga ya bazu a jikinsa. Dajinsa yana da sauyin EGFR, don haka aka ba shi ƙwayar da ke kai hari ga wannan sauyi, ya samu sauƙi har ya koma ɗakin tiyata, aka kuma haifa masa 'ya a 2014. A farkon 2015 hoto ya nuna cutar ta isa tantanin ƙwaƙwalwarsa. Mutum ne da ya san ma'anar wannan hoto fiye da kowa. Da numfashi ya gagara, ya zaɓi kada a ɗora shi a kan na'ura, aka ba shi maganin rage raɗaɗi, ya rasu ranar 9 ga Maris, 2015, 'yarsa da matarsa da iyayensa suna tare da shi. Littafin da ya rubuta a lokacin jinyar, When Breath Becomes Air, ya fito a 2016.

Valerie Harper kuwa 'yar wasan kwaikwayon talabijin ce. An yi mata aikin dajin huhu a 2009. A watan Maris na 2013 ta sanar wa duniya cewa cutar ta kai tantanin ƙwaƙwalwarta, kuma an ce mata wataƙila wata uku ne ya rage. Ta ci gaba da shan magani, ta koma aikinta, ba ta rasu ba sai ranar 30 ga Agusta, 2019, tana da shekara 80. Irinta ba su da yawa, kuma zalunci ne a yi wa iyalin majinyaci alƙawarin irin sa'arta. Amma su biyun sun yi tarayya a abu ɗaya da yawancin majinyatanmu ba sa samu: an faɗa musu sunan cutarsu, kuma sun san abin da ke gabansu.

Wahalar maganin tana da dalili. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa wani shinge da ke tace abin da jini ya ɗauko, ya hana guba shiga. Wannan shingen kuma shi ne ke hana yawancin magungunan daji shiga. Sai ka ga daji ya lafa a ƙirji da hanta, amma yana yaɗuwa a cikin kai inda magani bai kai ba. Shi ya sa ma a ƙasashen da masu dajin huhu ke daɗewa a raye aka fi ganin wannan mataki yanzu. Don tsallake shingen, akan zuba magani irin su methotrexate kai tsaye cikin ruwan, ta baya ko ta wata 'yar roba da ake dasawa ƙarƙashin fatar kai, wadda Ayub Ommaya, likita ɗan asalin Pakistan, ya ƙirƙiro a 1963, kuma har yau da sunansa ake kiranta. Akan yi gashi da na'ura a wurin da ya fi damun majinyaci don rage ciwo ko buɗe hanyar ruwa. Idan ruwa ya taru a kai, akan sa siririn bututu ya riƙa janye shi zuwa ciki.

Babban sauyin da aka samu ya biyo bayan gano sauyin EGFR a 2004. Ana samunsa a kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na Turawa masu irin wannan daji, a gabashin Asiya kuma kusan rabi, kuma ya fi yawa a mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba. Maganin osimertinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2015, yana ratsa shingen ƙwaƙwalwa fiye da na gabansa. A wani bincike mai suna BLOOM da aka wallafa a 2020, an ba majinyata 41 masu dajin tantani wannan ƙwaya, matsakaicin abin da suka rayu ya kai wata 11. Ga cutar da ake lissafa ta da makonni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma sai an ciro tsoka an gwada an tabbatar da sauyin, in ba haka ba ƙwayar ba ta da amfani.

Daga Jimeta zuwa ina?

Mutumin Limawa yana da Asibitin Ƙwararru a nan Jimeta, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira FMC, a Yola. A nan ne ya kamata bincike ya fara, kuma a nan ne za a tura shi gaba idan da buƙata. Masu neman gashi daga Adamawa sun daɗe suna kama hanya: wasu ta Numan zuwa Gombe, wasu Maiduguri, wasu Zariya ko Abuja. Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ta shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ta taɓa na'urorin sashen daji, abin da ya nuna yadda yanki guda mai jihohi shida ke rataye da 'yan na'urori ƙalilan. A 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin daji a Katsina da Inugu da Benin. Abin a yaba ne, amma duk wanda ya san nisan Katsina daga Yola ya san mai amai da ciwon kai, wanda ba ya iya riƙe fitsari, ba zai ji daɗin wannan tafiya a bayan mota ba.

Sai kuɗi. Asusun tallafa wa masu daji na gwamnatin tarayya, wanda asibitin koyarwa na Gombe ke cikin cibiyoyinsa, ya fara ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet. Dajin huhu bai shiga jerin farko ba. Osimertinib na asali dubban daloli ne a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Akwai masu rahusa da ake shigowa da su daga Asiya, amma NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan jabun magungunan daji, don haka saye ta hannun wani ɗan uwa da ya san wani a kasuwa haɗari ne.

A nan ne nake ganin ana zaluntar iyalai ba da niyya ba. Likita yana jin nauyin faɗa, iyali suna jin nauyin tambaya. Aka ce a je Abuja, sai a sayar da fili a Jambutu, a sayar da keken da ake ci da shi, a kai mutum ya rasu a baranda a garin da bai san kowa ba, a dawo da gawa da bashi. Da an zauna da babban ɗa da uwar gida an ce musu: ga sunan cutar, ga abin da tafiyar za ta iya ƙara masa, ga abin da ba za ta iya ba, da sun yi zaɓi da idonsu a buɗe. Wanda yake da sauran ƙarfi, yana tafiya da ƙafarsa, kuma gwaji ya nuna yana da sauyin da ƙwaya ke kamawa, tafiyar ta cancanci a yi ta da gaggawa. Wanda ya riga ya kwanta, ba ya gane mutane sosai, alherin da za a yi masa yana kusa da gida.

Al'adarmu ta ɓoye wa majinyaci ciwonsa daga tausayi ta samo asali. Ana tambaya, ya jiki? Ana amsawa, da sauƙi, ko da babu. Amma wannan cuta hankali take fara ɗauka kafin rai. Magidancin da aka ɓoye masa har ya daina gane 'ya'yansa an hana shi yin wasiyya, an hana shi faɗin bashin da ake binsa da wanda yake bi, an hana shi neman gafarar wanda ya ɓata wa. Musulmi da Kiristan Jimeta duka sun san darajar waɗannan abubuwa.

Kuma kalmar nan da ake yawan ji, wai asibiti sun ce a koma gida sai addu'a, bai kamata ta zama ƙarshen aikin asibiti ba. Addu'a tana nan, aikin jinya ma yana nan. Ƙwayar dexamethasone tana rage ciwon kai da amai cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da yake tana ɗaga sukari, don haka sai da sa idon likita. Akwai maganin hana jijjiga. Akwai mofin na ruwa da ake sha ta baki, mai arha, wanda Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta yaɗa amfani da shi a gidajen marasa lafiya a Uganda tun daga 1993. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, ga kuma ɓarnar da tiramol ya yi wa matasanmu, mutane suna ɗari-ɗari da duk wani magani mai ƙarfi. Tsoron yana da tushe, amma mai dajin da ke kwana yana nishi ba ɗan ƙwaya ba ne, kuma barinsa cikin azaba ba tsoron Allah ba ne.

Sauran aikin na masu jinya ne a ɗaki, kuma yawanci mata ne. A ɗaga masa kai da matashi biyu. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ƙugu da diddige. Idan ruwa yana sarƙe shi, a zaunar da shi sosai, a ba shi kunu mai ɗan kauri da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Wanda ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai, ko ruwan rubutu ne, domin huhu zai tafi. A jiƙa masa leɓe, a shafa masa. Idan jijjiga ta zo a kwantar da shi a gefe, kada a cusa cokali a bakinsa. Idan fitsari ya ƙi fita mara ta kumbura, robar fitsari za ta ba shi sauƙi nan take. Kuma maza su karɓi wani kaso na kwanan zaune, domin mai jinya ita ma jiki gare ta.

Tun daga tushe

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ne ke haddasa kimanin kashi 85 cikin ɗari na dajin huhu, kuma wanda ya daina, bayan shekara goma haɗarinsa yakan ragu zuwa kusan rabin na mai ci gaba da sha. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san abin da ke kan teburin mai shayi. Shisha da ta shiga tsakanin samari da 'yan mata ita ma taba ce, ruwan da ke cikin tulun ba ya tace gubar. Ga hayaƙin dizal, wanda cibiyar binciken daji ta duniya ta tabbatar a 2012 cewa yana haddasa dajin huhu, ga hayaƙin itace da iyayenmu mata ke shaƙa shekara da shekaru a madafa marar taga, wanda cibiyar ta sa a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Don haka kada a ce Hajiya ba ta taɓa riƙe sigari ba, ba zai yiwu ta kamu ba.

Kirana ga hukumomin lafiya na Adamawa shi ne a sa wa cibiyoyin tibi ƙa'ida bayyananniya: duk wanda ya haura shekara 40, gwajin kakinsa bai nuna tibi ba, kuma wata biyu na magani bai canza komai ba, a tura shi hoton siti na ƙirji ba tare da jinkiri ba. A tabbatar mofin na ruwa yana samuwa a manyan asibitocin jihar. Gwamnatin tarayya kuma ta sa dajin huhu cikin asusun tallafi. Kai kuma mai karatu, idan akwai mai tari a gidanku da ya wuce mako biyu, kai shi gwajin tibi, kyauta ne. Idan an fara magani babu sauƙi, koma ka tambaya. Idan wanda aka san yana da ciwon daji ya fara ganin abu biyu-biyu, ko ƙafarsa ta fara ja, ko ciwon kai da amai suka tashe shi da asuba, kada a jira ranar da aka rubuta masa a kati, a kai shi asibiti a ranar.